Sallamar da Ban Amsa Ba

Na ga masu rubuto mini a ƙasan shafin nan cewa wai zuciyata batir ce, sai an jona ta take motsi. Ban ji haushi ba. A gidanmu ma abin da ake faɗa ke nan, sai dai su dutse suke cewa. Ku ci gaba da faɗa, ni kuma zan ba ku labarin Talatar da ta wuce yadda ya faru, ba ƙari ba ragi, kowa ya yanke hukuncin da ya ga dama.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa: sunana Zulaihat, 'yar Malam Zakari mahauci, a Talata Mafara. Na gama karatun kwamfuta na dawo gida, sa'o'ina suka yi ta aure, ina zuwa ina cin shinkafa ina dawowa. Abin da na sa a gaba shi ne jarrabawar CCNA, wato satifiket ɗin da ke nuna mutum ya iya haɗa kwamfutoci su riƙa magana da juna, ya kuma iya gano inda ciwon yake in sun daina. Wata ƙungiya mai koya wa mata wannan aiki ce ta ba ni damar zama jarrabawar, sau ɗaya tak. Wani kamfani kuma a Sakkwato, mai kula da intanet ɗin makarantu da ƙananan asibitoci, ya ce in na kawo takardar zai damƙa mini wurarensa na Mafara da Bakura da Maradun. Aiki ina gida, ba sai na bar gari ba.

Ɗakina shi ne na ƙurya, kusa da rijiya. Gado ɗaya, tebur ɗaya, sai na'urorin haɗa kwamfutoci, tsohuwar rauta da suwic guda biyu, da na samo daga wani ofis da ya sake kaya. Kebul kuwa ko'ina, shuɗi da ruwan toka, har kan ƙusar da nake rataye hijabi. Kowane kebul siraran wayoyi takwas ne a cikinsa, in ba ka jera su bisa tsari ba kafin ka matse kansa, ka yi aikin banza. Haddace su na yi kamar karatun allo: fari da lemu, lemu, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ƙasa-ƙasa, ƙasa-ƙasa. Ina wanke-wanke ina biyawa, ina tankaɗe ina biyawa. Wata rana na ji Inna a madafa tana tambayar Anti Amira:

"Waccan lahiya take kuwa? Tun sahe nika jin ta tana kiran launi ita ɗai."

"Karatu na, Yaya."

"Allah shi kyauta."

Waccan ɗin ni ce. Ni ce 'yar fari a wurin Inna, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ba ta yabona, ba ta shiga faɗana, in aka fara zancena a gabanta sai ta tuna tana da abu bisa wuta. Ban taɓa ɗaukar wannan rashin so ba. Haka tata uwar ta yi wa ɗan farinta, haka na taso na gani. Anti Amira kuwa matar Baba Murtala ce, ƙanin babana. Shekarunmu ba nisa, ita ce bakin Inna a wurina, ita ce kuma bakina a wurin Inna. Ta bakinta nake jin cewa zamana a gida ya fara rage wa Inna cin abinci, kuma dangi sun fara tambaya ko wayoyin nan zan aura.

Sai Habibullahi. Shi ya zo sa wa Baba sola saboda firizar nama. Ya shigo ɗakina jan waya, Anti Amira na tsaye a kansa, ya ga suwic yana ƙyafta koren ido, ya tambaya mene ne wannan. Na gaya masa a taƙaice, don ban ga abin dogon bayani ba. Bayan sati ya dawo cikin shadda ruwan toka da hula zanna, ko sukudireba babu a hannunsa, ya aika a kira ni zaure.

Ɗan Janbako ne ta ƙasar Maradun, amma shagonsa a nan Mafara yake. Ba shi da surutu, ni ma haka, don haka zancenmu rabi shiru ne rabi darasi. In na rasa wanda zan biya wa karatu, shi nake biya wa, yana gyaɗa kai ko ya gane ko bai gane ba. Ranar da na gaya masa yadda kwamfuta biyu ke fara magana ya fi kowace rana dariya.

"Ba haka kawai suke faɗa wa juna ba," na ce. "Ta farko sai ta yi sallama. Ta biyu ta amsa, ta mayar da tata. Ta farko ta ce ta ji. Sannan a fara zance."

"In ba a amsa ba hwa?"

"Ta sake. In ta yi ta yi aka yi shiru, ta haƙura ta koma."

"Ashe su ma sun yi islamiyya," in ji shi.

Ina son shi. Na faɗa a nan tunda a gabansa ban taɓa faɗa ba. Shi kaɗai ne bai taɓa tambayata yaushe zan bar wasa da wayoyi ba, kuma in ya kira ni Injiniya ba da ba'a yake yi ba.

Baba ya riga ya ba shi izinin turo magabata. Shi ne ya roƙi a ɗan dakata sai mahaifiyarsa, Hajiya Kaltumi, ta gan ni da idonta. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, ita ta raine shi da noma da kiwon awaki, ta ƙi sake aure har ya zama mutum.

"Zulai, gara in gaya miki tun yanzu," ya ce ran nan, idonsa na kan takalminsa. "In Hajiya tac ce i, an gama. In tac ce a'a, ba ni iya tsallake ta. Ko na so, ba ni iyawa."

Na ce masa na ji. A raina na ce wace tsohuwa ce za ta gan ni ta ƙi, ni da na iya durƙuso da sunkuyar da kai kamar kowa. Yaushe za ta zo, ba wanda ya sani. Hanyar Janbako ba kullum ake binta ba a wannan zamani, Hajiya kuma ba mai yawan fita ba ce.

Ita jarrabawar a ɗaki ake yinta, ta intanet, amma da mai tsaro. Wani mutum ne can wata ƙasa, ba ka ganinsa, shi yana kallonka ta kamarar laftof, yana kuma jin duk motsin ɗakin. Ba mai shigowa, ba ka magana, ba ka motsa leɓe, ba ka kallon gefe, ba ka tashi. Waya sai ta yi nesa da hannunka. Ka karya ɗaya yana iya rufe jarrabawar nan take, ba roƙo ba ban haƙuri. Tambayar da ka wuce kuma ta wuce, ba a komawa baya.

Ni da dabarata na zaɓi Talata. Ranar kasuwa gidanmu ya fi kowace rana shiru. Tun asuba maza sun tafi mahauta, yara suna makaranta, masu zuwa neman kitse da ƙafar sa duk suna kasuwa. Daga Inna sai Anti Amira. Na ji daɗin wayona sosai. Abin da ban kawo a raina ba shi ne, ranar kasuwar ce kuma motocin ƙauye ke shigowa Mafara.

Ran Litinin Habib ya zo ya duba batir, ya ɗaure mini rautar intanet a kan doguwar gora saboda sabis ya zauna. Talata da safe saƙonsa ya shigo:

"Batir ya cika? Allah shi ba da sa'a, Injiniya."

Na mayar masa da "Amin." Na so in ƙara wani abu, na rubuta, na goge.

Na kwashe duk kebul ɗin ɗakin na zuba a buhu na kai ƙarƙashin gadon Anti Amira, na cire kalandar bango, na bar tebur daga laftof sai katin shaida. Na sa doguwar riga baƙa da hijabi ruwan goro. Da na ɗauki hotunan kusurwoyin ɗakin na tura, mai tsaro ya ce in nuna kunnuwana ya tabbatar ba abin da na maƙala. Na cire hijabin na ninke a kan gado, na ɗaura ɗankwali ta baya, kunnuwa a waje. Ƙofa na sa mata sakata. Taga kuwa na bar ta a buɗe saboda zafi, raga ce kawai tsakanina da tsakar gida. Anti Amira ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar da tiren zogale tana tsinka. Ni na sa ta kashe ƙarar wayarta.

"Ko Baba ne ya dawo, ki tare shi," na ce mata kafin in rufe.

"Ko gwamna na," in ji ta. "Shiga ki yi abinki."

Farkon jarrabawar ya tafi daidai. Aka ba ni wata makaranta ta ƙarya a allo, aka ce in raba kwamfutocin malamai da na ɗalibai yadda ba za su ga juna ba ko da suna kan suwic ɗaya. Wannan na yi shi a ɗakin nan har ya gundure ni, yatsuna suka yi ta buga umarni ba su jira ni ba. Daga nan aka shiga lissafin raba adireshi, inda ake ba ka unguwa guda ta lambobi a ce ka yanka ta gida-gida, ba takarda ba biro. Ina tsakiyar lissafin na ji baƙuwar murya a tsakar gida.

Gaisuwa ce doguwa, irin ta manya. An kwana lahiya, ina gajiya, ina gida, ina ɗiya, ƙaƙa ruwa, ƙaƙa hanya. Ban damu ba sai da na ji kalma ɗaya ta fito sarai: Janbako.

Abin da ya faru a waje daga baya Anti Amira ta ba ni labari, amma bari in sa shi a nan don ku gane. Hajiya Kaltumi da gangan ta ƙi aiko da sanarwa. So take ta ga yarinya yadda take a gida, ba yadda aka shirya ta ba. Habib kuma, garin yabona, ya taɓa gaya wa ƙanwarsa Jidda cewa ranar Talata ko ƙofar gida ba zan leƙa ba, maganar ta bi ta kai kunnen Hajiya. Ta ce to, ai kuwa ranar ce daidai.

Inna ta shimfiɗa mata sabuwar tabarma, ta ƙwala wa Anti Amira kira, ta ce mata ta kawo ruwa, sannan ta yi maza shagon maƙwabta ta karɓo lemo mai sanyi. Baƙuwa irin wannan ba a barinta haka. Anti Amira ta dubi ƙofata, ta dubi baƙuwa, ta lissafa cewa kafin su gama gaisuwa ta dawo. Ta figi mayafi ta fita da gudu. Gaisuwar ta ƙare kafin ta dawo.

"Ina ɗiyar tawa?" in ji Hajiya.

Abin da Inna za ta ce ba shi da yawa. Jarrabawa take yi, ba dama ta yi magana, a ɗan jira ta. Ta san da zancen, an gaya mata ta ce to. Amma faɗar haka shiga zancen 'yar fari ne, a gaban wadda za ta zama suruka, har da nema mata uzuri. Bakinta bai taɓa yin wannan ba, ranar ma bai yi ba. Ta sunkuyar da kai, ta nuna ɗakina da haɓa.

"Tana ciki," ta ce, ta miƙe ta shige madafa.

Ni dai abin da na ji shi ne jan takalmi a hankali, ya zo ya tsaya a bakin ƙofa.

"Salamu alaikum."

Muryar ba ta da ƙarfi, irin ta wadda ta saba a amsa mata tun kafin ta rufe baki. Ni kuma tun ina ƙarama bakina ke amsa sallama kafin kaina ya yi tunani. Na cije leɓena na ƙasa. A allo akwatin saƙo ya buɗe, mai tsaro ya rubuto da Turanci wai ya ji murya, da wani a ɗakin ne? Na rubuta masa cewa a waje ne, ƙofa a kulle take. Ya ce in ci gaba, amma in na yi magana da kowa zai rufe.

Takalmin ya matsa zuwa taga. Ban juya ba, amma gefen idona ya ga hasken tagar ya ragu. Na san abin da take gani: budurwa zaune bisa kujera, ido biyu, kai ba hijabi, kunnuwa a waje. Ba barci take ba, ba salla take ba.

"Salamu alaikum. Ɗiyata?"

Na amsa a zuci. Wallahi na amsa, har da wa rahmatullahi wa barakatuhu, sai dai amsar zuci ba ta bi ta raga ta fita. Lambobin da ke allo suka koma kamar ban taɓa ganinsu ba. Na auna abin a tsanake, don ni haka nake. In na ce wa alaikumus salam, Hajiya ina zuwa, damar ta tafi, aikin ya tafi, watannin da na yi a ɗakin nan sun tafi, in koma cin shinkafar bikin mutane. In na yi shiru, Anti Amira za ta shigo yanzu ta yi bayani, tsohuwa kuma za ta gane. Haka na gaya wa kaina. Na ƙarasa lissafin, na zaɓi amsa, na danna ta gaba.

Tsakanin sallama ta biyu da ta uku ta daɗe. Ina jin numfashinta, ina jin ƙamshin man shanu da daddawa daga ƙullin da ke hannunta.

"Assalamu alaikum wa rahmatullah."

A cike ta yi ta, a hankali, kalma bayan kalma. Kowa ya san ƙa'ida, tun a islamiyya aka koya mana: sau uku ake yi, in ba a amsa ba sai ka juya. Hasken tagar ya dawo.

Sai ga ƙarar kwalabe da gudun Anti Amira.

"Hajiya! Hajiya, tsaya ki jiya, jarrabawa taka yi! Ba a barinta magana!"

"Ba komi, ɗiyata," in ji muryar, ba fushi ba hayaniya. "Allah shi ba da sa'a. Rana na yi, bari in kama hanya."

Na san kuna son in ce hannuna ya yi ta rawa, hawaye suka hana ni ganin allo. Ba haka aka yi ba. Yatsuna suka ci gaba da aikin da na koya musu, tambaya bayan tambaya, har ta ƙarshe. Wannan ne abin da ke ba ni tsoro game da kaina. Da na gama, sakamako ya fito a allo: na ci. Na zauna ina kallon rubutun ina jiran daɗi ya zo, bai zo ba.

Na zare sakata na fito. Sabuwar tabarma na nan a shimfiɗe, kofin ruwa a cike ba a taɓa ba, lemo biyu suna zufa a gefe. A bakin tabarmar kwalbar man shanu ce da ƙullin daddawa, ta ajiye ta tafi. Anti Amira na zaune a kan turmi tana share ido da bakin zane. Inna na madafa, ta ba ni baya, tana fifita wutar da ke ci da kanta.

"Laihina na, Zulai," in ji Anti Amira. "Da ban hita ba."

"Da ba ki fita ba, da an ce gidan Malam Zakari ba a ba baƙo ruwa," na ce mata. "Bari kuka."

Na ɗauko wayata daga kan firiza. Saƙonnin Habib a jere:

"Zulai, Jidda ta kira ni yanzu, wai Hajiya ta shigo motar Mafara."

"Wallahi ban sani ba."

"Ina Maradun bisa kwanon ɗakin mutane ina sa sola, ba ni isowa."

"Na kira Amira ba ta ɗauka."

Sai na ƙarshe, shi kaɗai a ƙasa: "Kin ci?"

Na rubuta, "Na ci."

"Alhamdu lillahi," ya mayar. Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta sake ɓacewa.

Bayan la'asar ya kira. Na tsaya bayan rijiya inda sabis ya fi kyau.

"Tana Bakura, gidan Jidda," ya ce. "Can za ta kwana, gobe da azahar ta wuce gida."

"Ka yi mata bayani?"

"Na yi. Na gaya mata dokar, na gaya mata mutumen da ka kallonki. Ta saurara har niƙ ƙare."

"Me ta ce?"

Ina jin ƙarar babura a bayansa.

"Tac ce ita ba ta yi boko ba. Amma ta san ko mai salla, da ke tsaye gaban Ubangijinai, in anka yi mai sallama shina ɗaga murya da kabbara don a san ya jiya. Mace kuma ta tahwa hannu. Tac ce ke ko yatsa ba ki ɗaga ba."

Da na ɗaga yatsan, mai tsaro zai rufe ko ba zai rufe ba? Ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba, don ban gwada ba.

"A'a ta ce ke nan?"

"Ba ta ce komi ba. Da niƙ ƙara magana tac ce in bar ta ta huta."

"Kai fa?"

"Zulai, ni na san ba wulaƙanci na ba. Amma abin da nig gaya miki ran nan, shina nan."

"Na sani," na ce. Na kashe wayar kafin ya ji muryata ta canza, don ta fara canzawa.

Baba ya dawo dab da magariba. Baba Murtala ya tare shi da zancen tun a zaure. Ya zauna a kan kujerarsa yana wanke wuƙaƙe a roba, ya sa aka kira ni. Na durƙusa.

"An ce kin ci."

"Na ci, Baba."

"Madalla. An ce kuma baƙuwa ta yi sallama gidana ba a amsa mata ba."

Na sunkuyar da kai.

"Duka biyun naki na," ya ce, yana goge wuƙa da tsumma. "Na harko, na yi miki barka. Na biyu, gobe da sahe Amira ta raka ki Bakura. Gidan ɗiyarta na, ba gidan yaron ba, ba mai cewa komi."

Da safe na fito daga wanka na tarar da babban hijabina a kan gado, wanda nake sawa ran Idi, an goge shi da dutsen gawayi, yana ƙamshin turaren wuta. Kusa da shi ƙunshin kilishi ne a takarda, irin wanda Baba ke ware wa manyan baƙi. Ban tambayi wanda ya ajiye ba. Muna sa takalmi na ji muryar Inna daga ɗaki, ba ta leƙo ba.

"Amira, ki ce ma waccan ta bar wayar nan gida."

"To, Yaya."

Har mun kai bakin zaure ta sake kira.

"Amira. In anka tambaya, ki ce ni ce ban yi magana ba."

Tun da aka haife ni, wannan ce rana ta farko da na ji Inna ta shiga faɗana. Abin ya soke ni fiye da duk maganar Habib. Ban juya ba, don in na juya ita ce za ta ji kunya. Na ajiye wayar a kan taga na bi bayan Anti Amira.

Motar Bakura cike take da buhunan taki da mata masu goyo. Muka bi ta gefen gonakin shinkafa, ruwa kwance a bakin kanal ɗin ban-ruwa. Na hangi ɗaya daga makarantun da kamfanin ya ce zai ba ni, da ƙarfen sabis a bayanta. Na kama kaina ina lissafa inda ya kamata a kafa rauta a ginin, na ji haushin kaina na kawar da kai.

Jidda ta tarbe mu a tsakar gidanta da tsintsiya a hannu. Mun san juna tun makaranta, amma ranar gaisuwar baƙi ta yi mini. Ta karɓi kilishin, ta rage murya.

"Tana ciki. Ta idar da walaha, lazimi taka yi."

Ta nuna ɗakin da ke fuskantar gabas. Ƙofar a buɗe, labule ne kawai a sake, bai kai ƙasa ba. Ta ƙarƙashinsa ina ganin bakin darduma, da ƙafafu biyu masu tsohon lalle, da jelar carbi tana motsi. Na cire takalmi tun daga nesa, na tako a kan siminti mai zafi, na durƙusa gwiwa biyu a bakin ƙofar.

"Salamu alaikum."

Carbin ya ci gaba da tafiya, ƙwaya bayan ƙwaya. Jidda ta koma shara, tana sharar wurin da ta riga ta share. Na jira yadda ya kamata a jira.

"Salamu alaikum, Hajiya. Zulaihat ce."

Carbin ya tsaya. Na ji ta gyara zama, na ji ƙarar awarwaronta. Sai ƙwayoyin suka ci gaba da tafiya kamar da.

Anti Amira ta matso ta durƙusa a bayana, ta mintsine ni a cinya.

"Ki ƙara," ta raɗa mini.

Na buɗe baki, na rufe. Na san ƙa'idar kamar yadda Hajiya ta san ta. In na yi ta ukun aka yi shiru, sai in tashi in sa takalmina, kuma Habib ba zai sake sa shadda ya aika a kira ni zaure ba. Muddin ban yi ta ba, ba a sallame ni ba tukuna.

"Zulai, ki ƙara mana," in ji Anti Amira.

Ban ƙara ba. Rana ta hau bayana, siminti na cin gwiwata, ni kuma ina nan durƙushe da sallama ɗaya a bakina.